Ƙota da Tafin Hannu

Ɗana, akwai wata masaba a ƙasan akwatina wadda ta girme ni. Ta kakana ce, maƙeri a Maƙera Assada, nan cikin garin Sakkwato. In ka zo gida ka tuna mini in fito maka da ita, don abin da nake so ka gani ba ya fita a hoto. A jikin ƙotarta, daidai inda babban yatsa ke zama, icen ya lotsa ya yi sulɓi kamar an shafe shi da man shanu. Ba wanda ya sassaƙa wannan gurbin, riƙo ne na shekara da shekaru ya cinye shi. Na kuma san hannun da ya yi wannan aikin, don ya sha riƙe nawa a hanyar masallaci: tafin duk kanta, yatsun a tanƙware, ko barci yake ba sa miƙewa sosai, kamar har yanzu masabar na ciki. Wata rana ina yaro ina ja masa zuga-zugi, ya ga na ƙura wa hannun ido. Ya ce, "Mi kaka kallo? Na ci ta, ta ci ni." Ya mai da ƙarfe wuta.

Ban gaji ƙira ba. A farkon shekarun 1970 aka kai ni koyon gyaran rediyo, na yi sama da shekara 40 a wani ɗan shago kusa da Tsohuwar Kasuwa ina shaƙar hayaƙin dalma. Rediyo ya bi ta hannuna, rikoda da kaset sun bi, bidiyo ya zo ya tafi, sannan wayar hannu ta zo ta shimfiɗa tabarma. Shi ya sa in na gan ka ka sunkuya a kan gilashin nan tun daga asuba har barci ya sace ka, ba na firgita kamar wasu sa'o'ina, ba na kuma cewa duniya ta zo ƙarshe. Maganar tsohon nan ce ke faɗo mini. Kana cin ta, tana cin ka. So nake mu zauna mu duba irin gurbin da kake yi mata, da irin wanda take yi maka.

Garin nan ya daɗe yana karɓar baƙon kaya yana mai da shi ɗan gida. Je ka Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu ka roƙi a nuna maka tsofaffin rubuce-rubucen malaman daular nan. Da yawa daga cikin takardun a Italiya aka yi su, suka ratso Sahara a bayan raƙumi ta hanyar Tarabulus. In aka ɗaga wata a haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta. Baƙaƙen kuwa na Larabawa ne, ba a yanka su don bakin Bahaushe ko na Bafulatani ba. Malamanmu ba su zauna jiran wani ya gyara musu ba. Suka ƙara ɗigo a nan, suka ba wani harafi sabon aiki a can, har ajami ya iya ɗaukar maganar tsohuwa ta ƙauye. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ɗauki wannan ta yi abin da masu yin takardar ba su taɓa mafarkinsa ba. Ta tsara karatu a waƙe, da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta naɗa dattijan mata da ake kira jaji, ta ɗora wa kowace malfa alamar izini. Su zo su ɗauki karatu a wurinta, su koma ƙauyukansu su koyar da 'yan taru. Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba sai ga ta tana daka tana rera hukuncin alwala.

Malfar nan nake so ka lura da ita. Ita ke gaya wa matan ƙauye inda maganar ta fito. An san jaji, an san gidansu, an san wadda ta karantar da ita, an san uban wadda ta karantar da ita. In ta yi tuntuɓe akwai ƙofar da za a je a ƙwanƙwasa. Malaman hadisi ma haka suka yi tun can farko: kafin a karɓi magana sai an ji wa ya faɗa, shi kuma daga bakin wa ya ji. To, buɗe wayarka ka dubi saƙon da ya faɗo zauren danginku na WhatsApp daren jiya. Muryar wani ce da ba ka san fuskarsa ba, ko hoton gawa da aka ce a garin kaza ne. Ina malfarsa?

Ni ma na faɗa wannan ramin, kada ka ɗauka daga kan tudu nake magana. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wajen ƙarfe 3 na dare waya ta tashe ni. Wani ɗan'uwa ne, murya na rawa, wai kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha kafin gari ya waye. Na ce wa ya ce? Ya ce an ce. Ni da furfurata, ni da na yi shekaru ina gargaɗin yaran shago kada su taɓa wayar lantarki sai sun gwada ta da mita, na tashi gidan kaf. Uwargida ta hura wuta, aka ɗora babbar tukunya, aka juye gishirin miyar wata guda. Yara na kuka ana sheƙa musu ruwa a tsakar gida, ƙaramar cikinsu tana tambaya ko Salla ce ta zo. Ban tsaya nan ba, na kira mutum 4 na tashe su. Da rana ta fito jikinmu fari fat kamar mun yi birgima a toka, sai ga rediyo yana shelar cewa ƙanzon kurege ne. Mu abin ya tsaya a gudawa da dariya. A wasu garuruwa an kwantar da mutane a asibiti, an kuma ba da rahoton waɗanda suka mutu. Ebola kuwa ko hanyar Sakkwato ba ta kama ba. A Legas da Fatakwal ta tsaya, a watan Oktoba aka sanar da cewa ƙasar ta rabu da ita.

Na daɗe ina juya wannan daren a raina. Ba mugu ko ɗaya a cikin waɗanda suka kira juna. Kowa wanda yake ƙauna ya kira. Halinmu mai kyau, na kada ka ji abu ka ɓoye wa ɗan'uwanka, shi na'urar ta ɗaura wa sirdi ta yi sukuwa. A da, kafin jita-jita ta taso daga Legas ta iso nan a motar haya, ta kwana a hanya, ta bi ta kunnen dattawa goma sun rage mata zafi. Wannan kwanan hanyar shi waya ta cinye. Saboda haka sai ka mai da kanka zangon. In saƙo ya zo yana roƙonka da Allah ka tura wa mutum 10, ko yana cewa kada ka bari ya tsaya a hannunka, to, a hannunka ɗin zai kwana. In gaskiya ne, da safe yana nan bai ruɓe ba. Umarnin a bincika labari kafin a yi aiki da shi yana cikin Suratul Hujurati tun babu ko gidan waya. An ce magana zarar bunu ce. A zamaninmu bunu ɗaya mutum ke zara, ku kuwa da yatsa ɗaya sai ku zare jinka sukutum.

In kana son ganin inda aka ci moriyar saurin ba a yar da malfa ba, dubi yadda ake ganin wata. Yau masana lissafi suna faɗin inda za a duba tun kafin ranar, labarin gani kuma yana isowa fada ta waya daga garuruwa masu nisa cikin mintuna. Duk da haka sai an tace shaidu ta hannun sarakuna da kwamiti, sannan Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Yaran da ke riga shi sanarwa a Facebook kowace shekara, ka san yadda suke ƙarewa da goge rubutu.

Kuskurena na biyu kishiyar na farko ne, kuma ya fi shi tsada. A 2001 aka kawo wayar GSM Nijeriya. Layi kaɗai ya kai naira 20,000, kira naira 50 a minti, mu kuwa da ba mu shiga magana sai mun gai da gida da gajiya da iyali, kafin a kai ga "sai alheri" kati ya ƙare. Na dube ta na ce kayan alhazai ne, ba za ta taɓa sauka ƙasa ba. Wani yaron shagona ya roƙe ni in bar shi ya je Kano ya koyo gyaranta, na yi masa dariya a gaban mutane. Ya tafi ba da son raina ba. A 2003 kamfanin Glo ya fara lissafin kira da daƙiƙa, sauran suka bi dole, farashi ya yi ta gangarowa. Kafin in farga, ɗan garuwa da ɗan kabu-kabu kowa da tasa a aljihu. Ba a yi shekara 5 ba yaron nan ya buɗe shagonsa da yara 6 a ƙarƙashinsa, ni ina zaune ina kaɗe ƙura daga rikodojin da masu su ba su dawo karɓa ba. Zamani riga ce; na ƙi sawa, sanyi ya kama ni.

Abin da ban hango ba shi ne talaka zai ci ƙotar. Da kira ya yi tsada, ya ƙirƙiro filashin: ƙara ɗaya na iso, biyu kira ni. Da sabis ya zama yau akwai gobe babu, ya riƙa yawo da layi biyu. Da wuta ta ƙi zama, ya nemi mai riƙe caji da tocila a ka. Masu ƙera waya a can Sin suka lura, kamfanoni irin su Tecno suka shiga yin mai layi biyu, mai babban batir, mai kyamarar da ke iya fitar da baƙar fuska ba ta mai da ita inuwa ba. Mai shayi na bakin tasha bai san ya taɓa zama a teburin injiniya ba, amma ya zauna. Wannan ne ya sa nake ce maka kada ka tsaya a shafar gilashi. Kwance bayanta ka ga abin da ke ciki. Koyi gyara, koyi haɗa sola, koyi rubuta manhaja in Allah Ya ba ka kan yin haka. Mai shafa kullum biya yake yi, mai kwancewa shi ake biya.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba ranar da ake buɗe sabon abu da kiɗa da tafi, ita ce wa zai biya. Dattawan fadama sun san amsarta. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, lokacin duk jiha ɗaya muke. Da niyyar noman rani na zamani aka yi ta, kuma akwai waɗanda suka amfana. Amma manoman da ruwa ya cinye gonakinsu da waɗanda aka karɓe nasu suka yi ta jiran diyya; da suka tare hanyoyin aikin a 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka masu yawa. Akwai kuma waɗanda ko ƙarar bindiga ba su ji ba, amma su ma sun biya: mutanen ƙasan madatsar, masu shinkafa da masunta, waɗanda abincinsu ke rataye da cikar da gulbi ke yi kowace damina. Cikar ta ragu, fadama ta tsuke, samari suka kama hanyar cin rani. Siminti da ƙarfe an auna su daidai. Mutanen ƙasan gulbi ne ba a sa a lissafi ba.

Kowace na'ura tana da nata ƙasan gulbin, kuma sau da yawa kai ne a can ba ka sani ba. Wata safiya saƙo ya shigo wayata da hoton ɗan maƙwabcina, yaron da na sani tun yana rarrafe, an rubuta wai ɓarawo ne a guje shi. Ashe bashin naira 15,000 ya ci a wata manhajar ba da rance, wadda ba ta nemi jingina ba, ba ta nemi shaida ba, abu ɗaya kawai ta roƙa: ya danna ya yarda ta ga lambobin da ke wayarsa. Da ya makara kwana 3, saƙon ya je wa limamin unguwa, ya je wa uban yarinyar da yake nema. Jinginar ashe mutuncinsa ne, ya bayar bai karanta ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka cacar ƙwallo da ta shigo aljihunku. A da mai caca sai ya nemi kango ya ɓuya, yanzu yana sahun gaba a masallaci kangon na aljihunsa. Duk abin da aka ce maka kyauta ne ko nan take ne, tsaya ka nemi inda ruwan ke gangarawa.

Ina yaro, in ka bi ta Kwalkwalawa da rani, kukan jigo za ka ji. Mutum ɗaya ya wuni yana ɗaga guga don ya shayar da 'yan fangali kaɗan. A shekarun 1980 da 1990 ƙaramin injin ban ruwa da rijiyar bututu suka shigo ta shirye-shiryen raya fadama. Albasa da tumatir da tattasai suka yalwata, manyan motoci suka riƙa lodi zuwa Kudu. Alheri ne babba, ba mai musu. Sai dai tun daga ranar noman rani ya ɗaura aure da fetur. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, manomi ya tsaya yana kallon injinsa, jigon kuwa an daɗe da hura wuta da shi. Waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu yaran da suka iya haɗa famfon sola, ko juya inji ya ci gas. Abin dariya, tun farkon shekarun 1980 akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana aiki a kan hasken rana, ranar nan da muke kuka da ita a watan Afrilu. Sai da fetur ya cije mu muka ɗaga kai sama.

Sau biyu a 'yan shekarun nan aka gwada mu, ta fuska biyu. A watan Satumba na 2021 aka rufe sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan, saboda 'yan bindiga ma da wayar suke aiki, da ita suke jin motsin sojoji, da ita suke cinikin kuɗin fansa. Mutane suka riƙa biyan kuɗin mota su shigo birni don kira ɗaya tak, aka koma ba direba wasiƙa, wanda ya iya rubuta ta ya sake zama mai daraja a ƙauye. A farkon 2023 kuma, da takardar kuɗi ta ɓace bayan canza fasalin naira, sai abin ya juya a kan irina. Dattijon da ya rantse ba zai taɓa buɗe asusu ba ya wuni a layin mai POS, a ba shi 5,000 a cire 1,000, yana da albasa buhu-buhu ya kasa sayen koko. Jikansa mai tiransifa shi ya ciyar da gidan. Don haka riƙe sabon da kyau, amma kada ka hura wuta da jigonka. Haddace lambar mahaifiyarka, rubuta bashin da ke kanka da wanda kake bi a littafi, san hanyar gidan mutane da ƙafa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yata, ban manta da ke ba, kuma ba zan ce ki ajiye waya ba, don na ga abin da ta yi wa matan cikin gidajen garin nan. Matar da a da sai ta ɗora wa 'yarta talla ta hana ta makaranta, yau tana ɗaukar hoton turaren wuta da zanen gado da dubulan ta sa a waya, ta amsa ciniki da saƙon murya ko ba ta iya boko ba, ɗan kabu-kabu ya kai, kuɗi su shigo tana zaune a ɗakinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ki tuna da fatar jar akuyarmu, wadda majema ke jemewa da bagaruwa. Ta daɗe tana ratsa Sahara, ana yi wa littattafai masu tsada bango da ita a Turai, amma da sunan fatar Maroko, don ta can ta isa hannunsu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Yau 'yar baduku tana iya nuna jakar da ubanta ya ɗinka ga mai saye a Abuja ko Yamai ko Landan, da sunan Sakkwato a jiki, ba dillali a tsakani. In za ki fitar da wani abu daga gida ta wannan tagar, aikin hannunki ya fi cancanta.

Tagar dai ba ta da labule, nan ne nake jin tsoro. Na san auren da ya mutu saura mako biyu saboda saƙon murya na minti ɗaya da yarinya ta tura wa aminiyarta tana wasa da dangin ango. Aminiyar ba ta yi niyyar sharri ba, ta tura wa mutum ɗaya ne kawai don ya yi dariya. Abin da ba za ki iya faɗa a tsakar gida gaban gwaggo ba, wayar ma tsakar gida ce, mai faɗin da ba ki san iyakarsa ba. Hoto kuma ya fi murya tsawon rai. Duk wanda ya ce ki turo masa abin da sai kin kulle ƙofa za ki ɗauka, ya riga ya gaya miki ko shi wane ne.

Sai maganar harshe, wadda ke ci mini tuwo a ƙwarya ko da wasu za su ce ƙaramar magana ce. Da Turawa suka kawo boko, baƙaƙensu ba su da ɓ da ɗ da ƙ. A shekarun 1930 aka yi musu ƙugiya don su dace da bakinmu, yadda aka yi wa ajami ɗigo. Yanzu ku kun saki ƙugiyar saboda sauri, alhali tana nan a wayar in an nema. Jikana ya rubuto mini daga makaranta wai yana fama da kishi, na kira a ruɗe ina tambayar wace yarinya ce, ashe ƙishi yake nufi, famfonsu ya lalace. Sakkwatancin ma yana zubewa. Yaran gidana "yana" suke cewa irin na fim, in na ce "shina" su ƙyalƙyale. Ga kuma na'urorin nan da ake tambaya su amsa kamar mutum, irin ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022. Daga rubutun da mutane suka zuba a intanet suke koyo. In guntuwar Hausa muka zuba, ita za su riƙa dawo mana da ita, jikokinku su ɗauka ita ce Hausar. Rubuta da kyau, rubuta da yawa, ɗauki muryar kakarka tana tatsuniya tun tana da rai. In kuma ka tambayi na'urar, ɗauke ta kamar baƙon da ya yi karatu mai yawa amma bai zo da malfa ba: saurare shi, sannan ka kai maganar gaban malaminka. Aikin makaranta dai kada ka ba ta ta yi maka. Hannun da bai riƙe masaba ba ba ya yin kanta, ranar jarrabawa kuma tafin hannu ake dubawa.

Bara waccan ƙanena ya rasu. Saƙonnin ta'aziyya suka cika wayata har ta riƙa sanƙarewa, galibi hoto iri ɗaya mai fure da addu'a, wani ma bai goge sunan wanda aka fara tura wa ba. Na gode musu, Allah Ya ba su lada. Na Saudiyya da na Legas ba su da wata hanya sai ita. Amma wanda ya zauna a raina wani tsohon abokin gaba ne na kasuwa, da muka yi shekara 10 ba ma gaisawa. Ya zo da sandarsa daga can wajen Gidan Igwai, ya zauna gefen tabarma, bai ce komai ba sai "Sai haƙuri," ya yi shiru har la'asar. Zumunci a ƙafa yake. In kana cikin gari ɗaya da mai makoki ko mai jinya, sa takalminka.

Shagon nan nawa yanzu jikana ke zama a ciki bayan ya taso makaranta. Yaron da na yi wa dariya shi ya koya masa gyaran waya, kyauta, bai taɓa tuna mini da dariyar ba. Jiya na leƙa na tarar ya kwance wata waya, sukurori ƙanana kamar ƙwayar gero jere a murfin gwangwani, yana kallon wani Ba'indiye a bidiyo yana nuna yadda ake ɗaga wani ɗan ƙarfe. Nasa ƙarfen dalma ya ƙone, ya jawo tsohon nawa daga ƙarƙashin tebur. Ya riƙe, ya juya, ya ce, "Baba tsoho, wanga mariƙi ya lotse ta gefe guda, ba ya zama a hannuna." Ashe bahago ne, ni ban taɓa lura ba. Ya yanko tsohon tayar keke ya shiga naɗe mariƙin daidai inda yatsana ya yi shekara 40 yana zama. Na buɗe baki zan hana shi, sai aka kira salla, na ɗauki butata na fita.